'YAR RAWAYA A GIDAN MALAM

Shafi na 17

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na rataye ku na tafi, Allah ya huci zuciyarku, wuta ce aka ɗauke mana waya ta mutu. Wannan shafin na matan Kabo ne, waɗanda suka ce in faɗa musu wa ke kawo min labarin garinsu.

*

Kamila ta kai hannu labulen ɗakin mata, ta janye. Ta sake kaiwa, ta sake janyewa.

Tun da ta fara aikin jinya a asibitin nan na Gwarzo ba ta taɓa jin nauyin tambaya irin na yau ba.

Dakta Zainulabidin ne ya ja. Da dawowarsa daga wata bita a Kano ya kafa doka, duk wanda aka kwantar ko aka auna, liman ne ko direba, tsohuwa ce ko amarya, sai an tambaye shi abin da yake sha. Giya, wiwi, maganin tari, ƙwaya. Ma'aikata suka yi ta gunaguni. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ana tsala wa mashaya bulala a bainar jama'a, wa zai dubi tsabar idonka ya ce maka yana sha?

Ɗazu ta tare shi a baranda.

"Dakta, don Allah ka ɗauke min wannan. Matar nan uwa ce a gare ni."

"Shi ya sa na ce ke."

"Matar marigayi Malam Abdulmuttalib ce fa, na Gude ta ƙasar Kabo. A tsakar gidanta na koyi Fatiha. Ƙanwata ce ke auren ɗanta."

"Sista Kamila, an auna jininta, ba zazzaɓi, ba sukari. Hannu yana rawa, zufa ba ta tsayawa, barci ya ƙaurace mata, jiya ta faɗi tana jijjiga. Ni in na tambaye ta kunya za ta hana ta. In kuma abin da nake zato ne, faɗuwa ta gaba tana iya tafiya da ita."

Wannan maganar ce ta tura ta. Ta ɗaga labule ta yi sallama.

Inna Marka tana zaune a tsakiyar gado, ta ƙi kwanciya. Carbi a hannunta amma ba ja take ba, shi ne ke karkarwa da kansa. Humaira, ƙanwar Kamila, tana gefe da tsohon cikinta tana yi mata fifita, don fankar ɗakin ta daɗe da zama ado.

"Inna, sannu. Ya ƙarfin jikin?"

"Da godiya, 'yar nan. Ya aiki? Ya mutan gidan?"

"Lafiya lau, suna gaishe ki."

"Ina amsawa. Ke dai duba min bayan nan, tururuwa ce ke bina tun safe, na ce wa Humaira ta kaɗe ta ce ba komai."

Kamila ta duba. Ba komai ɗin.

"Humaira, ɗan fita ki sha iska, ƙafarki ta kumbura. Zan gwada Inna."

Humaira ta ɗago ta dube ta, ta dubi Inna, ta miƙe da ƙyar ta fita.

Kamila ta jawo kujera har gwiwarta tana taɓa gadon. Ta yi ƙasa da murya, don akwai wata mai karaya a gadon ƙarshe, ko da yake munshari take.

"Inna, zan yi miki wasu tambayoyi. Kowa ake yi wa, wallahi ba ke kaɗai ba. Ki yi haƙuri da ni."

"Tambayi."

"Akwai wani abu da kike sha kullum? Ko na asibiti, ko na gargajiya?"

"Rubutu. Sai jiƙon sabara in ciki ya murɗa."

"Goro fa?"

"Goro kam ai sai mutuwa."

"Abin da ke sa maye fa, Inna, ko da..."

Carbin ya tsaya.

"Kamila."

"Na'am, Inna."

"Ni kike tambaya giya?"

"Inna, ba haka..."

"Ni da ban taɓa ganin kwalbarta da idona ba? A gidan da aka sauke Alƙur'ani fiye da gashin kanki? Lalle boko ya yi rana!"

Ƙafar Kamila ta ce ta tashi, ta ba da haƙuri, ta je ta ce wa Dakta ba komai. Sai idonta ya sauka kan hannun tsohuwar, yatsun suna kaɗawa kamar mazari.

Ta zauna daram.

"Na san ba ki sha giya ba, Inna. Allah ya huci zuciyarki. Barci nake so in tambaye ki. Da can, kafin wannan ciwon, da me kike samun barci?"

Inna ta koma murza carbinta.

"Inna?"

"Da ikon Allah."

"Da ikon Allah kam. Ba kya haɗawa da wani abu?"

Inna Marka ta juya fuska wajen taga. Can waje wani mai rake yana kiran ciniki. Ta daɗe tana kallonsa kamar shi ya yi tambayar.

"Magani ai ba maye ba ne," ta ce a hankali.

Kamila ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Wane iri ne?"

"Wata 'yar ƙarama. Rawaya."

"Tun yaushe?"

"Tun Jibirin."

Ba sai an yi wa Kamila bayani ba. Duk ƙasar Kabo an san ranar da babbar mota ta bi ta kan Jibirin, babban ɗan Inna, yana kan kekensa zai kai gyaɗa kasuwa. Direban da aka zaro daga motar ko sunansa bai iya faɗa ba don ƙwaya. Shekara huɗu ke nan.

"Ni aka kira na gane shi," in ji Inna. "Da tabon ƙafarsa na gane shi, 'yar nan, don fuska babu. Daga ranar in na rufe ido shi nake gani. Na yi wuridi, na sha rubutu har cikina ya ƙi karɓa. Sai wata da ta zo gaisuwa ta ce ga wani magani wajen Nata'ala mai tebur, a sha rabi. Na sha rabi. Na yi barci kamar an ɗauke min dutse a ƙirji."

"Yanzu nawa kike sha?"

"Da rabi ne."

"Yanzu fa?"

Ta ɗaga yatsu huɗu. Ta yi jim, ta ƙara na biyar.

"Da dare kawai?"

"Da dare... in gari ya waye jikina ya ƙi daɗi, sai in ƙara ɗaya kafin in iya ɗaga buta."

"Kin taɓa gwada bari?"

"Da azumi. Na ce wannan abu da nake ɓoyewa a cikin tulun daddawa, in alheri ne me ya sa nake ɓoyewa? Na bari. Kwana biyu na ji kamar raina zai fita ta hanci. Na koma."

"Rabonki da ita yanzu?"

Inna ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta.

"Tambayi Ƙasimu."

"Malam Ƙasim ya sani?"

"Ina fa! Shi da 'yan kwamitinsu na sa-ido suka je kasuwar Gude ran Larabar da ta wuce, suka kife teburin Nata'ala, suka tara kayan suka cinna wuta. Ya dawo gida yana warin hayaƙi, fuskarsa kamar gonar auduga. Ya durƙusa a gabana ya ce, Inna, yau na rama wa Yaya Jibirin. Ki sa min albarka."

Ta goge ido da bayan hannu.

"Na sa masa. Me zan ce? Ina da guda uku a tulu. Na yi ta gutsura har suka ƙare."

Kamila ta kama hannun nan mai rawa ta riƙe da nata biyu.

"Inna, saurare ni. Ba iska ba ce ta taɓa ki, ba sammu ba ne. Jikinki ne ya saba da ƙwayar nan, aka yanke masa rana ɗaya. Shi ne rawar, shi ne tururuwar, shi ne faɗuwar jiya. Kuma yana da magani."

"To a ba ni in huta."

"Maganin shi ne a mayar miki da ita..."

"A'uzubillahi!"

"Tsaya, Inna. Ba yadda kike sha ba. Likita ne zai auna, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, kamar yaye. Ai ba a cire yaro daga nono a wuni ɗaya. Har ranar da za ki kwanta ba ita. Amma sai kin yarda na faɗa wa Dakta."

"Shi kuma ya faɗa wa alƙali."

"Asibiti ba kotu ba ce. Abin da kika faɗa a kan gadon nan amana ne. Daga ni sai Dakta."

"Ƙasimu fa?"

"Sai in ke kika ce."

"Rantse."

"Wallahi tallahi, ba zai ji a bakina ba."

Inna ta sauke ajiyar zuciya, hawaye yana bin tsagar fuskarta.

"Ba bulalar nake tsoro ba, 'yar nan, fatar ta riga ta tsufa. Sunan Malam nake ji. Yara cike da zaure suna karatu, a ce ga abin da aka samu a ɗakin uwar gidan. Shi kuma yaron nan da wane ido zai dubi mutanen da ya kife wa tebur?"

"Ba wanda zai ce. Bari in je in sami Dakta yanzu."

Ta miƙe. Har ta kai hannu labule, wani abu ya tsaya mata a rai. Inna Marka ba ta taka kasuwa ba tun tana amarya.

Ta dawo.

"Inna, wa ke sayo miki?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Bar wannan."

"Ba don in tona kowa ba ne."

"Na ce ki bar shi."

"Inna, don darajar Malam."

Leɓen Inna ya yi ta motsi kafin sauti ya fito.

"In za ta awo nan Gwarzo, sai ta biya ta kasuwa da niƙabinta."

Mace ɗaya ce ke zuwa awo daga gidan nan.

"Humaira?"

"Ba laifinta. Ni na aike ta. Yarinya ce mai biyayya."

"Sayowa kawai take yi?"

Inna ta kawar da kai.

"Inna, sayowa kawai take yi?"

"Kin san yadda ta yi da ta haifi na fari ba rai. Da wannan cikin ya shiga sai tsoro ya kama ta. Mijinta yana can wajen sintiri, ita tana zaune a bakin gado tana taɓa ciki ko ya motsa. Ina jin kukanta ta bango. Tausayi ne, Kamila, wallahi tausayi ne. Na gutsura mata rabi da hannuna."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Rabi kawai na ba ta."

"Yaushe?"

"Tun cikin yana wata biyu."

"Har yanzu rabin ne?"

Inna ta girgiza kai.

"Ta fi ni yanzu."

Kamila ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Wata takwas. Cikin wata takwas, kuma ita ma an yanke mata tun ran Larabar da ta wuce. Ita da ke auna matan gari tana yi musu tambayar Dakta, ranar da Humaira ta zo awo cewa ta yi, wannan 'yar gida ce, wuce kawai.

Ta fito baranda da sassarfa tana waige-waige. Ba Humaira a kan benci. Ba ta wajen famfo.

"Yaya Kamila!"

Ta tsaya cak.

Ƙasim ne, mijin Humaira, yana tahowa da fulas a hannu ɗaya, ledar lemo a ɗayan. Idonsa ya yi ja, rigarsa ta yamutse, jiya da aka kawo Inna a barandar nan ya kwana.

"Sannu da aiki, Yaya. Ya gajiya? Ya muka ji da mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam Ƙasim. Ka ga Humaira?"

"Ta zaga bayi, yanzu na gan ta. Kunu na samo wa Inna, na tsamiya, shi take iya haɗiya. An gano ciwon?"

"Ana kai."

"Ana kai kamar yaya? Na ga kin daɗe a ciki, kin fitar da Humaira."

"Gwaji ne."

Ya ajiye fulas ɗin a kan benci.

"Yaya, kar ki ɓoye min. Ni kaɗai na rage mata namiji. In ciwon na Kano ne ki faɗa min, in sayar da gona ne yau zan sayar."

"Ba na Kano ba ne. Za ta warke da yardar Allah, nan ma."

"To mene ne sunansa?"

"Likita zai yi maka bayanin abin da ya kamata."

"Abin da ya kamata? Uwata ce fa."

"Na sani. Amma maganar mara lafiya tata ce, sai ta ba da izini."

Ya ƙura mata ido. Ƙasim ba wawa ba ne, kusan ya haddace Alƙur'ani kafin ya yi gemu.

"An ce wannan likitan naku yana sa a tambayi mutane abin da suke sha. Ba dai ita kika yi wa Inna ba?"

"Kowa ake yi wa."

"Subhanallahi! Inna? Yaya, ke da kanki?"

"Aikina ne."

Ya yi tsaki, ya shafa gemu, ya ɗan zaga ya dawo.

"To tunda kuna tambaya, ai da sai ku taimaka wa addini. Duk wanda ya amsa muku, ku ba mu sunansa."

"In muka ba ku mutum ɗaya, ba wanda zai sake faɗa mana gaskiya. Sai dai a riƙa kawo mana gawa."

"Gawa ai ni aka kawo wa, Yaya. A cikin tabarma."

Idon Kamila yana kan lungun bayin. Me ya tsayar da yarinyar nan?

"Nata'ala yana hannu," Ƙasim ya ci gaba. "Jibi za a kai shi gaban alƙali. Duk ya lissafa 'yan acaɓa da 'yan tasha, amma akwai wadda ya ƙi faɗa. Wai wata mai niƙabi, ita ce babbar mai sayensa. An yi an yi, ya ce ko za a yanka shi ba zai kama sunan gidan ba. Kuma abin da ya ba ni haushi, in zai faɗi haka ni yake kallo."

Kamila ta nuna masa fulas ɗin.

"Malam Ƙasim, kai wa Inna kunun kar ya huce."

"Mace fa, Yaya. Wataƙila matar aure, wataƙila da goyo. Na yi alkawari ko 'yar gidan wa ce sai na..."

Ihu ya katse shi.

"Jama'a ku kawo ɗauki! Mai ciki ta faɗi! Sista! Sista!"

Kamila ta zubar da takalmanta a nan ta kwasa da gudu.

Humaira tana kwance a kan siminti a bakin lungun, buta ta kife gefenta, ruwa yana bin zanenta. Idonta ya kafe sama, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna bugun ƙasa. Mata sun yi cirko-cirko, wata tana tofa mata addu'a, wata ta zaro cokali za ta tura mata a baki.

"Kar ki sa mata komai! Ku matsa! A kira Dakta, a kawo gadon turawa!"

Ta durƙusa ta juya ta gefen hagu, ta cusa ɗankwalinta ƙarƙashin kanta, hannu ɗaya a kan cikin.

"Humaira, ga ni. Yayarki ce. Ga ni nan."

Dakta Zainulabidin ya iso yana haki.

"Jijjigar masu ciki ce? Ya awon jininta na ƙarshe?"

"Lafiya lau yake, Dakta."

"To me..."

Ta ɗago ta dube shi. Maganar tana bakinta, maganar da za ta sa ya san allurar da zai ɗauko. Amma inuwar mutum ta rufe su.

Ƙasim yana tsaye a kansu, ledar lemon har yanzu a hannunsa. Ba ya salati, ba ya kuka. Kallon matarsa yake, yadda jikinta ke bugawa, sak yadda na uwarsa ya yi jiya a tsakar gida.

"Sista, ina jin ki," in ji Dakta. "Akwai abin da take sha? Yi magana, ba mu da lokaci!"

Ledar ta suɓuce, lemo ya watse a baranda.

"Yaya Kamila," muryar Ƙasim ta fito can ƙasa, kamar ba tasa ba. "Wace irin cuta ce wannan, da ta kama mata biyu a gidana, daga ranar da na ƙona kayan Nata'ala?"

Kamila ta dubi mijin, ta dubi cikin da ke motsi a ƙarƙashin tafin hannunta.

Ta juya ga Dakta.

"Tana sha," ta ce.